Mai Zuba Toka

Shekara sha tara ina zuba toka a filin nan,
layi huɗu da da'ira, kafin la'asar ta yi sanyi.
Ban yi lakwal ba. Amma duk ƙafar da ta karye
tsakanin Jami'a da Normal, na san sunan mai ita.

Gabar ta girme ni a aikin.
An ce kan balo ɗaya ta fara, da aka ara ba a mayar ba.
Wasu sun ce kan wata Habsu ce ta Garin Malam.
Habsu yau da jikokinta, tana tuya bakin Kasuwar Dole,
in ka tambaye ta sai ta ce, "Na nawa za a zuba maka?"

Ranar Talata kabu-kabu ya sauke mana sabon mai horo.
Kyari.
Na ajiye gwangwani, na sake dubawa.
Shi ne dai, da ɗingishin nan na hagu:
lamba tara na Normal, wanda ya ci mu uku rana ɗaya
ya zo gaban ƴan kallonmu ya kama kunne yana rawa.
Ɗingishin kuwa mu muka ba shi. Ina wurin.
Kusa da tutar kwana, bisa layin da na ja da hannuna.

Ƴan fada suka ce an ba kura ajiyar nama.
Shayi ya huce a kofi ana musu.
Can Normal kuma sun cire hotonsa daga bango,
ƙusar kaɗai ta rage, da farin gurbi.

Mako guda bai ambaci sunansu ba.
Ya kai yara duwatsun Birni da asuba,
hau, sauka, hau,
har Nomau mai tsaron gida ya yi amai a inuwar dutse.
Ya hana waƙar zagin nan da muka gada,
mai baiti bakwai, wadda ni na ƙara na shida.

Jiya ya zo da magirbi ya haƙa gindin raga.
Ya ciro layar.
Jika biyu na biya a Mirya, daga aljihuna,
na binne ta da dare, ko matata ba ta sani ba.
Ya kakkaɓe ƙasar, ya miƙo mini da hannu biyu.
"Baba, riƙe kayanka.
Nomau bai iya faɗuwa hagu ba, shi ke nan ciwon."
Na ce, wa ya gaya maka wurin?
Ya ce, "Tamu ma nan take, a wancan gefen."

To.

Asabar ne wasan.
Yaran Normal har yau irin bugunsa suke yi,
namu kuma yanzu shi ke koya musu.
Mutum zai yi kokawa da inuwarsa ke nan?
In mun ci, za su ce da ƙafarsu muka ci.
In sun ci, za mu ce ɗansu ya buɗe musu ƙofa.
In kuwa aka tashi ba jini, ba jifa, ba jandarma,
aka gaisa aka watse kamar taron suna,
me zan faɗa wa dare?
Shekara sha tara da ƙiyayyar nan nake jin ɗumi.

Yau da yamma na zo kwanar nan, hannuna ya yi rawa,
layin ya karkace kamar sawun maciji.
Na duƙa zan share.
Sai inuwa mai ɗingishi ta tsaya kaina.

Ya daɗe yana kallon wurin.
Ya ce, "Da ma nan ne?
Na ɗauka ya fi haka nisa da tuta."
Ya karɓi gwangwanin,
ya ja sauran layin da kansa.

Nasa ma bai miƙe ba.